Shuɗin Leɓe a Talabijin

Duk layin an san Mai Keke da abu biyu: ɗinkin da ba ya warwarewa, da tsoro. Yaron maƙwabta ya yi tari, sai ta tsayar da keken ɗinki ta kasa kunne. Ana yi mata dariya, ni kuwa ban taɓa yi ba, don na san mafarin. Ɗanta na fari a hannunta ya cika yana jariri. Leɓɓansa ne suka fara yin shuɗi, kafin a samo mota ya tafi. Sauran da ta haifa, kamar ƙwai ta raine su.

Zare da allura sun cinye mata ido, har ta koma ɗinkin labule. Ana cikin haka autarta ta haifi bakwaini a wani asibiti mai nisa. Surukin ya ce zai kira ta bidiyo da hantsi, ya nuna mata jikanta.

Fuskar kwamfutar da ɗansu ya bar musu ta yi wa idonta ƙanƙanta, don haka maigidanta ya ce zai haɗa ta da talabijin. Tsohon direba ne, a ganinsa duk abin da ke da waya ƙanin mota ne. Ya soka wata tsohuwar waya mai faffaɗan kai tsakanin kwamfutar da talabijin, talabijin ya tsaya baƙi ƙirin. Ya hura bakin wayar, ya bubbuga gefen talabijin, ya danna rimot har ya dace da tashar da ake shigar da kwamfuta. Hoto ya fito daidai lokacin da kiran ya shigo.

Fuskar jaririn ta cika talabijin. Shuɗi ce, har leɓɓan.

Mai Keke ta miƙe zumbur. "Ku kira likita!" ta kurma ihu. "Yaron nan tafiya zai yi, na san kalar nan!"

"Mama, barci yake yi," muryar surukin ta fito. A bayansa auta ta fashe da kuka.

Maigidan ya leƙa kwamfutar. "Ke, a nan jawur yake!"

"Malam, ni ba na ganin can. Wanne ne ke faɗin gaskiya?"

Maigidan ya dubi talabijin, ya dubi kwamfutar. Can ya ce wa surukin ya juya wayar hannunsa ya nuna tasa fuskar. Surukin ya fito shuɗi, haƙoransa shuɗi, bangon asibitin ma haka.

"Wayar talabijin ce ba ta zauna ba," in ji maigidan. "Kusar da ke ɗaure ta ta faɗi."

Kafin ya sunkuya ta riga shi. Ta laluba gefen kwamfutar, ta danna kan wayar da babban yatsa. Surukin ya mayar da hoton kan jaririn, ga shi ja, leɓɓansa suna motsi. Ta ɗan sassauta, shuɗin ya dawo. Ta sake dannawa da ƙarfi.

"Kawo in tokare ta da littafi," ya ce. "Ai kin ga lafiyarsa ƙalau."

Ta sani. Amma ta durƙusa a kan siminti, yatsanta na danne da wayar har ya sage, hawaye na sauka.

"Bar ni, Malam," ta ce. "Wannan ba zan sake shi ba."