Katin Gonar Ƙarshen Kanal

Gonata ce ta ƙarshe a layinmu, daga ita sai burtali. Maigidana Malam ya rasu ya bar mini ita, duk rani tumatir nake sawa. Na ƙarshen kanal ya san abin da na bakin ƙofa bai sani ba: ruwa da ƙafa yake tafiya, ga ciyawar kacala ta cushe hanya. In aka buɗe da hantsi, sai la'asar yake leƙo ni. Tsohon da ke riƙe da ƙofar ruwan bai san bihim ba, amma ya san wannan, shi ya sa ranar layinmu yakan bar ta a buɗe har sai na aika na ce ya isa.

A shekarun da wayar hannu ta fara shigowa ƙauye aka turo wa ƙungiyarmu ta manoman rani wasu mutum biyu daga birni, wai za su tsara mana rabon ruwa a kwamfuta. Ni aka sa wakiliyar mata don ina rubutu. Da furfurata na shiga ajin yaƙi da jahilci, saboda haka ba na wasa da biro.

Babbansu, wani mai tabarau, ya ce su ba irin 'yan kwangilar da ba ne masu ɓacewa shekara guda. Duk mako biyu za su dawo su nuna abin da suka yi, mu gyara musu. Kowa ya faɗi buƙatarsa a rubuta a kati, a shigar a kwamfuta, a ba ta lamba, ba wadda za ta ɓata. Nan kam ya yi gaskiya. Gawa ma in ta shiga kabari ba ta ɓata.

Da hannuna na rubuta tawa: a fara ƙirga awannin mutum daga lokacin da ruwa ya taɓa gonarsa, ba daga buɗe ƙofa ba. Aka ba ni lamba arba'in da ɗaya.

Duk zuwansu sai a baje katunan a tabarma a Bunkure, a ɗaga hannu a zaɓi wanda za a fara yi. To, su wa suka fi yawa? Na kusa da ƙofa, waɗanda ƙishirwa ba ta san gidansu ba. Zuwan farko aka zaɓi a sa sunan shugaba da muƙaminsa a saman takarda. Na biyu aka gyara jerin sunaye, don wani Alhaji ya ga an sa ƙaninsa a gabansa. Aka yi ta tafi. Duk lokacin da na tambaya, sai mai tabarau ya juyo mini da fuskar kwamfutar ya ce, "Hajiya, ga shi nan, yana ciki." Ko Makka ban je ba, amma duk matar da za a shashantar Hajiya take zama.

Ba su jira katina ba suka buga takardar rabo, kowace eka awanninta daidai da na 'yar'uwarta, aka kai wa tsohon aka ce kada ya kuskura ya saɓa. Nawa rabon daga hantsi zuwa azahar. Da azahar a rufe, ruwan ya mace a rabin hanya. Kafin su dawo furen tumatirina ya fara kakkaɓewa.

Ranar da suka zo ban zauna a tabarma ba. Na ce wa mai tabarau yau sai ya raka ruwa gidan miji. Ya bi ni da takalminsa mai tsini, muna tafe ruwa na rarrafe a gefenmu, har aka kira azahar ba mu kai tsamiyar da ke rabin hanya ba. Da muka isa gonar ya buɗe kwamfutarsa, ga layina ya yi kore shar, wai na sha. Na nuna masa ƙasa ta dare kamar faso.

"Kai da ka yi boko tun kana yaro, karanta mini wannan."

Bai ji kunya ba. Murna ma ya yi, ya ce ai amfanin tsarinsu ke nan, ana koyo a hanya. Ya ƙara layi biyu a ƙarƙashin lamba arba'in da ɗaya, ya sa mata alamar muhimmi, ya ce zagaye mai zuwa in jama'a sun amince. Tumatir dai ba ya jiran zagaye.

Ban koma gida ba, bakin ƙofa na wuce. Na tarar da tsohon zaune, takardar na maƙale a hularsa. Na gaishe shi, na ce, "Baba, kai da wannan takardar, wa ya girmi wani a kanal ɗin nan?"

Ya gutsuri goro ya tauna. Sannan ya ciro takardar, ya ninke, ya kunsa sauran goronsa a ciki, ya ce in je in gyara kwamin shukata, ruwa na tafe.

Rabin gonar na tsira da shi. Su kuwa bayan wata biyu aka yi bikin rufe aiki, aka sha lemo, aka karanta cewa an biya duk manyan buƙatun manoma. Na tambayi mai tabarau tawa fa. Ya ce tana ciki.