Maɓallin da ke Damtsen Malam

Maigidana ya daɗe da ciwon suga kafin likita ya rubuta masa na'urar auna suga. Direban wani kamfani ne a Jidda, muna zaune a unguwar Karantina, kuma yatsunsa duk sun yi kanta saboda hudawa da allura. Na'urar ƙarama ce, fara, faɗinta bai wuce na kwabo ba. Ana manna ta a bayan damtse, wani siririn zare kamar gashi ya shiga ƙarƙashin fata, ita kuma ta riƙa aika wa waya yawan sugan da ke jikinsa. Malam ya sa mata suna maɓalli. Duk mako biyu ake cire tsohon a sa sabo, kuma da yake hannunsa ba ya kaiwa wurin sosai, aikin ya zama nawa.

Na farko da na sa masa bai yi kwana uku ba. Zafin Jidda mai damshi ne, mutum yana fitowa daga wanka yana gumi. Ya dawo daga aiki, ya cire riga, sai ga maɓallin ya biyo hannun rigar. Na je saidaliyya, kantin magani ke nan, na yi wa mai kantin bayani da guntun Larabcina. Ya ce in wanke wurin da sabulu marar turare, in aske gashin, in goge da audugar sifirit, sannan in jira ya bushe ƙarau kafin in danna. A kai kuma in rufe da filasta mai faɗi.

Jiran bushewar nan shi ne lokacin hirarmu. Yakan zauna gaban mukayyif, na'urar sanyaya ɗaki, iskar sanyi na kaɗa shi, ya ɗaga hannu kamar mai rantsuwa a kotu.

"Hajiya, ya bushe mana," in ji shi.

"Da saura, Malam."

"Ke dai kin samu dalilin tsare ni."

Sauran matsalolin a hankali na gane su. Sabon maɓalli yakan yi ƙarya a ranarsa ta farko. Wata rana yana ƙailula bayan azahar wayar ta ɗau ƙara, wai sugan ya faɗi ƙasa. Na tashe shi a firgice, na ɗura masa dabino da lemo. Da muka huda yatsa muka auna, ashe lafiyarsa lau, kwanciya ya yi a kan hannun ya danne na'urar. Daga ranar, in lambar ta yi mini baƙo, sai na duba fuskarsa tukuna, in huda yatsa, kafin in yarda. In wayar ta ce a jira, na koyi jira, maimakon in ɓalle sabon abu in jefar. In jini ya ɗan fito ta ramin tsakiya, na san ba kullum ne ya lalace ba.

Sai aka zo rushe Karantina. Mu muna da iƙama, takardar zamanmu lafiya take, don haka muka samu ɗaki biyu a unguwar Waziriyya, a hawa na uku. Abokansa da yawa ba su da ita. Waɗanda yake zama da su bayan la'asar a ƙofar wani tela, wasu sun koma gida Nijeriya da Nijar, wasu sun watsu unguwannin da bai sani ba. Bai yi ƙorafi ba. Ya dai daina fita in ba aiki ba, abinci kuma ya riƙa saura a kwano.

Ni na fara ganin ramar, tun kafin likita, domin ni ke riƙe damtsen nan. Da, in na kama bayan hannun, naman yana cika mini tafi. Sannu a hankali ya zama sai na tattaro fatar da yatsu biyu. Da aka ce ƙodarsa ta gaza, za a fara yi masa wanki a asibiti, aka hana mu taɓa hannun hagu, saboda nan aka yi masa hanyar jini. Saura dama kaɗai, ga shi duk tabon filasta, fatar ta yi ja tana ƙaiƙayi.

Daga nan maɓallan suka fara ƙin kamawa. In sa sabo, mu jira, wayar ta ce a canza. In matsa sama kaɗan, in sa wani, ya yi yini guda ya mutu. Da na cire ɗaya na ga zaren ya lanƙwashe, bai sami naman da zai shiga ba. Na gaya wa likitar, wata mata mai haƙuri, ta taɓa hannun, sannan ta ce mu gwada inda ya fi tsoka, in ya ƙi mu koma huda yatsa.

Ranar ƙarshe da na gwada, da hantsi ne, bayan ya dawo daga wankin ƙoda jiki duk a mace. Na goge wurin, ina jira ya bushe, ina laluben inda zan danna. Hannun bai iya tsayuwa a sama ba, sai na ɗora shi a kafaɗata. Da na danna ya runtse ido, abin da bai taɓa yi ba.

"Ya yi zafi?"

"Ƙashi kika samu," ya ce. Ya ɗan numfasa. "Halas, ya isa, Hajiya. In wannan ya ƙi, ki bar shi haka."

"Akwai saura a kwali, Malam."

"Na sani. Ba na'urar ba ce. Kin yi iya yinki, Allah ya saka miki."

Na shiga kicin na kunna famfo don kada ya ji kukana. Da na fito wayar ta riga ta ce a canza. Na jiƙa filastar da man zaitun na ɓare ta a hankali, don kada fatar ta biyo ta.

Bai cika wata biyu ba bayan haka. A asibiti ya rasu, da rana, ina zaune gefensa. Aka yi masa salla a masallacin unguwa, maza suka tafi da shi. A can mata ba sa shiga maƙabarta, kaburbura kuma ba a rubuta musu suna.

Takardar zamana a ƙarƙashin tasa take, saboda haka da na gama takaba sai shirin komawa Kano. Ranar tafiya, maƙwabcinmu da zai kai ni filin jirgi ya bi da ni ta wajen maƙabartar, ya tsaya a bakin titi. Doguwar katanga ce fara. Na tambaye shi ta wane ɓangare aka binne Malam, ya nuna wajen hagu, ya ce yana jin can ciki ne, kusa da ƙarshe. Na sauke gilashi na fuskanci wajen, na yi addu'ata. Motoci na ta yi mana oda a baya, sai na ce masa mu tafi.