Ammu Fahri, wanda bai bari a raba uwa da jaririnta ba

Kafin kowa ya iso gidan tarihin da muke aiki a Alƙahira, Ammu Fahri, wato Baffa Fahri, ya riga ya buɗe ɗakin na'ura. Yakan kunna sanyi, ya goge gadon na'urar, ya zauna a bakin ƙofa da gurasa da wake da kofin shayi har na'urar ta gama shiri. Irin ta asibiti ce, mai ɗaukar hoton cikin jiki, sai dai marasa lafiyarsa sun yi dubban shekaru da rasuwa. In aka shigo da gawa a naɗe, yakan rage murya, ya lulluɓe ta da zane sai lokacin hoto ya yi. Ƙarshen watan nan zai yi ritaya.

Ni aikina gyara likkafanin gawawwakin da shirya su a akwati. Ban daɗe da dawowa daga hutun haihuwar 'yata Rudaina ba aka kawo gawar wata mata daga wani tsohon kabari a kudu, da ɗan ƙunshi manne a ƙirjinta. Danƙon da aka shafe su da shi ya haɗe su. Wani gari yana zubowa daga likkafanin, dole a ga ciki a san abin da ke cin sa. Da aka auna, sai aka ga ƙunshin ya yi tudu, ba za su shiga bakin na'urar tare ba.

Doktora Sausan, likitar da ke karanta hotunan, ta ce, "Ba na so, amma sai an yanke danƙon, a ɗauke su dabam-dabam." Abin da aka yanke ba ya komawa yadda yake, kuma ni ce zan riƙe wuƙar.

Na sami Ammu Fahri yana shan shayi. "Ammu, hannuna ba zai iya ba."

"Zauna, Ummu Rudaina. Wa ya ce miki yau za a yanka?"

Ya roƙi Doktora ta ba shi zuwa ƙarshen mako, ta yarda. Washegari ya shigo rungume da mutum-mutumi na kwali da tsumma da reshen dabino, daidai girman matar, har da tudun ƙirji.

Doktora ta fashe da dariya. "Ya Ammu, amarya ka kawo mana? Uwargida Hajja ta sani?"

"Ita ta ɗinka mata riga, Doktora. Ta ce wannan kaɗai ta yarda in fita da ita."

Ya cire katifar gadon, ya cire matashin kai, ya sa siririn katako. Ya tura mutum-mutumin, ya maƙale. Ya jawo, ya ɗan karkata shi, ya cusa soso ta gefe, ya sake turawa. Haka ya yi ta yi har kwalin ya daina gogar bakin na'urar. Sannan ya koya mini inda zan tallafa.

Da ranar ta zo, muka ɗora matar a kan katakon. Gadon ya ja ta a hankali, ta shige. Hoton ya fito: jariri ne, ƙasusuwansa lafiya, garin daga tsohon ƙyallen waje yake zuba. Sai Doktora ta nuna wani abu da yatsa. A cikin naɗin, hannun matar na hagu yana kan bayan jaririn. Masu yi mata sutura ne suka ɗora shi haka, daidai inda za a yanka.

Ammu Fahri, kai ne mai haƙuri da waɗanda ba za su iya gode maka ba. Kai ne ka ɗauki mace da ba a san ko sunanta ba kamar 'yar gidanku. Ni da nake tashi in taɓa bayan 'yata in ji tana numfashi, na san abin da ka tsare.

Na gode, Ammu. Allah Ya ba ka hutu mai daɗi da ƙarfin gwiwa. Ku kuma matasan da za ku gaji ɗakin nan, kafin ku ce abu ba zai shiga ba, ku sake aunawa. Matar da jaririnta suna nan a akwati ɗaya, hannunta yana inda aka bar shi.