Ranar da Aka Goge Bakin Bireka

Manajan da aka kawo mana kamfanin robobi na hanyar Romi abu ɗaya ya sani a duniya, shi ne sheƙi. Takalminsa na sheƙi, goshinsa na sheƙi, har biron da yake nuna mutane da shi. Ƙanin matar mai kamfanin ne, kuma iyakar iliminsa ke nan. A satinsa na farko ya sa aka shafe injina da fenti, har ramukan da muke zuba giris. Tun daga ranar na raina shi, ban kuma ɓoye ba.

Ni ne mai kula da wutar lantarki a wurin. A masaƙa na koyi aikin, a Kakuri, tun kafin a rufe ta. Abin da na fi sa wa ido shi ne babbar bireka, wadda ke haɗa kamfanin gaba ɗaya da taransfoma. In ka buɗe cikinta za ka ga yatsun tagulla masu haɗuwa da juna, a bakin kowanne an like wata 'yar ƙwaya ruwan toka da ba ta fi farcen babban yatsa ba. Haɗin tagulla ce da wani ƙarfe mai taurin kai da ake kira tangistin. Duk lokacin da aka yanke wuta injina na aiki, harshen wuta yakan yi tsalle tsakanin yatsun, da zafin da zai narkar da tagulla zalla kamar man shanu a kasko. Ƙwayar nan ce ke shanye zafin, shi ya sa kullum take baƙa, duk ta yi zanzana.

Ba ni ke jan hannun birekar ba. Aikin Baba ne, wani dattijo mutumin kudancin Kaduna da ke zaune a Romi. Shi ke kunna ta da safe, shi ke kashe ta in an tashi. Muna cin abincin rana a benci ɗaya, yana tsokanata wai mu mutanen Makera ba mu iya cin tuwo ba sai da surutu.

Wata Juma'a aka ce manyan baƙi za su zo ganin kamfani ranar Laraba. Manaja ya zagayo da bironsa, ya sa na kashe wuta na buɗe masa birekar. Ya leƙa, ya yatsine fuska.

"Malam, wannan wane irin datti ne? Haka kake mentenas ɗin naka?"

Na ce, "Oga, ba datti ba ne. Haka ake son ta."

"A sa magagari a goge. Ina so in ga fuskata a ciki."

Na ce masa wanda duk ya goge ƙwayar nan ya kashe birekar, kuma ba da hannuna ba. Ya yi irin murmushin da jahili ke yi in ya ga ya fi ka kujera. Ranar Asabar sai ya tura ni gidan mai kamfani a Unguwar Sanusi, wai fankar falo tana ƙara. A bayana ya ɗauko wani mai wayarin daga Mahuta, irin waɗanda in ka ce su goge hasken rana za su tambaye ka da wane tsumma.

Da safiyar Litinin, kafin Baba ya iso, na buɗe murfin. Sun goge ƙwayoyin tas, sun cinye su har sun kai ga jar tagulla. Tana walƙiya kamar sabuwar tasa. Na tsaya ina kallo, raina ya ɓaci, amma can ƙasan zuciyata wani daɗi nake ji.

Akwai kwaɗo a aljihuna, wanda nake kulle hannun birekar da shi in ina aiki a ciki. Da na maƙala shi, ba mai iya kunna ta sai an zo an same ni. Ban maƙala ba. Na mayar da murfin na ɗaure. So nake ta narke ta like ranar Laraba, injina su tsaya cak a gaban baƙi, in ga yadda goshin nan zai yi. Na ce wa kaina iyakar abin da zai faru ke nan. Baba ya shigo ya gaishe ni, na amsa, na bar shi ya kama hannun ya ja.

Laraba ta zo ta wuce lafiya lau. Baƙi suka leƙa, suka yaba da tsafta, manaja ya kalle ni ya gyara wuyan riga. Haushi ya sa na ƙara yin gum.

Ranar Juma'a ina masallaci Baba ya je kashe wuta don hutun rana. Biyu daga cikin yatsun birekar uku sun riga sun like, na ukun ya rabu, wutar ta ƙi mutuwa, ta fasa murfin ta fito. Ta cinye masa hannun dama har gwiwar hannu, ta taɓa rabin fuska.

Manaja ya riga ni zuwa asibiti da katan ɗin lemo. Na tarar da shi a baranda yana gaya wa matar Baba cewa tsofaffin ma'aikata ba sa bin ƙa'ida. Ban ko dube shi ba, na wuce ciki.

Baba na kwance, an naɗe shi da bandeji, ido ɗaya ne a waje. Na yi masa sannu, na soma zagin manaja. Ya bar ni na yi mai isata, sannan ya yi magana a hankali, don leɓensa ya kumbura.

"Malam, ka duba ta ranar Litinin?"

Na ce na duba.

"Ka ga abin da suka yi?"

Na ce na gani.

Matarsa ta shigo ta tsaya a bakin gado da kofin ruwa.

"Shekara goma sha ɗaya ina jan hannun nan," in ji shi. "Ban san komai a cikinta ba. Ban taɓa jin tsoro ba, don na san kai kake dubawa."

Ya juya idon nan ɗaya wajen matarsa, ya ce ta raka ni ƙofa.