Ƙyallayen Jirgin Baba Ishawu

Baba Ishawu tela ne a Zangon Kumasi kafin ya zo New York, inda ya koma jinyar tsofaffi a gidajensu. Wani tsohon Bature da ya yi wa jinya ya mutu ya bar masa ɗan jirgin ruwa na katako, kwaikwayon jirgin yaƙi irin na dā wanda iska ke turawa. Igogi na harbi sun cika, igiyoyi sun cika, ƙyallayen iska ne kawai ba a ɗinka ba.

Ishawu ya haddace tarihin jirgin na gaske daga bakin tsohon. Jirgin ya yi yaƙi, ya yi gadin gaɓar teku, da ya tsufa aka sare sandunan ƙyallayensa aka ɗaure shi a tasha, ya zama rumbun kaya har ya ruɓe.

"Ba abokan gaba suka ci shi ba," in ji Ishawu. "Zama ne."

Matarsa Abiba tana Kumasi tana jira. Duk wayar da ta yi, amsarsa ɗaya ce: "Bari in gama jirgin nan, sai in taho."

Abukari, abokin zamansa a unguwar Parkchester, ya sha tsokanarsa. "Kai Baba, telan da ke gama babbar riga a daren Sallah, ƙyalle kamar tafin hannu ya gagare shi?"

"Ban samu yadin da ya dace ba."

Yadi kuwa ya cika shagunan Fordham Road, nan kusa da su. Mutane sun ɗauka rashin takardu ne ya hana shi tafiya. Ba shi ba ne. Yana matashi mai ƙarfi Abiba ta raka shi filin jirgi, yanzu kuma ba ya so ta tarbi tsoho mai rawar hannu.

Ranar da zai bar Kumasi Abiba ta saka masa likkafani a ƙasan akwati, don ko ta Allah ta kasance a baƙuwar ƙasa, a naɗe shi da yadin gida. Ita ce ta riga shi rasuwa. Bayan addu'ar bakwai ya buɗe akwatin ya ciro likkafanin, ya ɗauko almakashi.

Abukari ya shigo ya tarar da jirgin a kan tebur, fari fat, ga ragowar likkafanin a ƙasa.

"Subhanallahi! Baba, da me za mu naɗe ka?"

Ishawu ya gyara wata igiya da ɗan yatsa.

"Na gama," ya ce. "Wa zan gaya wa?"