Bakin Tiyo

Yayana ɗan bumburutu ne. Tun ina firamare a Sabon Birni yake ɗaura jarkoki a babur, ya bi hanyar Burkusuma ya tsallaka Nijar da fetur, abin da ya rage ya sayar a kwalabe a bakin kasuwa. Mahaifinmu ya rasu da wuri, don haka da wannan sana'ar ya riƙe ni da Inna, da ita kuma na yi karatu har na gama jami'a na samu gurbin bincike a ƙasar waje. Ko littattafaina na sakandare, in ka buɗe su, warin fetur suke yi.

Aikin da nake yi a can ba shi da wuyar faɗa. Ganyen itace yana shan hasken rana, ya haɗa ruwa da iskar nan da muke fitarwa in mun yi numfashi, ya yi wa kansa abinci. Mu kuma muna haɗa wani gari na musamman, mu zuba shi cikin ruwa, mu hura wannan iskar, mu haska masa fitila mai ƙarfin rana. Garin ba ya narkewa, ba ya ƙonewa. Shi dai yana sa ruwan da iskar su juye su zama mai. Matsalar ita ce abin da ke fitowa kaɗan ne ƙwarai, ido ba ya ganinsa sai na'ura, garin kuma yakan gaji kafin yini ya raba.

Na sha yi wa Yaya wannan bayanin a waya. Shi abin da ya riƙe ɗaya ne: autarsu tana yin fetur da hasken rana.

Da na zo hutu wata bazara, na taho da ɗan garin a ƙaramar kwalba don in nuna wa Inna. Ashe Yaya ya riga ya gaya wa abokan sana'arsa. Da hantsi sai ga su, sun jera babura a ƙofar gida, sun zauna gindin dogon yaro.

"Auta, hito ki gwada musu," in ji shi. "Ga rana nan, kyauta ta."

"Yaya, ba haka abin yake ba. Sai da na'ura."

"Ke dai zuba mu gani."

Na zuba garin cikin ruwa a kofin gilashi, na aje a rana. Ruwan ya yi ɗorawa-ɗorawa. Muka zuba masa ido. Wani dattijo cikinsu ya ɗauka ya shinshina, ya aje a hankali kamar ƙwai, ya ce Allah ya sa albarka. Ɗaya bayan ɗaya suka tuna suna da sabga, suka tada babura.

Na so ƙasa ta tsage in shige. Yaya kuwa ko a jikinsa. Ya bi su da murya yana cewa, "Ko gero ba ya tsira ran da anka shuka shi!"

Da la'asar na bi shi rumfarsa don in ba shi haƙuri. Na tarar zai juye mai daga duro zuwa jarka. Ya zura tiyo, ya kai bakinsa ya zuƙa, fetur ya taho ya cika masa baki. Ya tofar, ya goge da hannun riga, sai tari ya sarƙe shi har ya dafa duron. Na sha ganin wannan tun ina yarinya, ban taɓa ɗaukarsa komai ba. Amma ranar sai na tuna dokar farko da aka koya mana a ɗakin gwaji: ba a zuƙar komai da baki, ko da ruwa ne. Akwai ɗan famfon roba da ake matsawa da hannu, birjik a kowane teburi, wasu ma a kwandon shara. Shekaru ina matsa shi kullum, ina sanye da safar hannu da gilashin kare ido, ban taɓa tuna bakin Yaya ba.

"Tun yaushe kake tarin nan?" na tambaye shi.

"Ya daɗe. Ba komai ba na."

"Ka bar zuƙa da baki, don Allah."

Ya yi dariya. "To da mi za ni zuƙa? Ki yi sauri naki shi hito, sai in huta. Ni za ni zan dillalinki daga nan har Isa."

A nan na zauna kan wata jarka na gaya masa gaskiya yadda ba zai iya juya ta ba. Na ce abin da nake samu a wata ba zai jiƙa lagwanin fitila ba. Na ce mai yiwuwa daga ni har shi ba za mu ga ranar da za a zuba shi a babur ba.

Ya naɗe tiyon a hannu. Can ya ce, "Amma dai za a yi?"

"Ina sa rai. Wataƙila yara su gani."

"To ki ci gaba," ya ce. "Ba a barin gona don damina ta yi nisa." Wani mai babur ya tsaya, Yaya ya tashi ya zuba masa kwalba ɗaya, bai sake tada maganar ba.

Ina komawa na aiko masa da famfon hannu babba, irin na duro. Ya yi murna, abokansa har aro suke zuwa. Sai dai bai daɗe yana morarsa ba. Mai ya yi tsada, kai shi Nijar ya daina biya, hanyar kuma 'yan bindiga suka hana ta sakat. Kan haka ƙirjin ya kwantar da shi. Likita a Sakkwato ya ce huhun ya riga ya taɓu, kada ya ƙara kusantar fetur. Inna ce ta gaya mini, shi ya hana a faɗa, wai kada a raba mini hankali da aiki.

Yanzu yana noma gonar mahaifinmu a Kurawa, ko in ce yana zaune a inuwa matarsa da 'yan ƙodago suna yi. Bara na je lokacin girbi. Na ga ya miƙe zai ɗauki damin gero, ya kai shi gwiwa ya kasa, ya aje, ya yi kamar igiyar yake gyarawa. Na je na kama ɗaya gefen, matarsa ta kama ɗayan, muka kai rumbu. Ƙaiƙayi ya cika mini wuya da hannuwa. Haka muka yi ta kwasa har rana ta yi sanyi, yana zaune yana faɗa mana wanda za mu fara ɗauka, ni kuma na kasa haɗa ido da shi.