Dalmar da Na Wanke da Sabulu

Mahaifina masunci ne a Kaoje, kuma birgi, ragar nan da ake jefawa ta buɗe a kan ruwa, ba ya nitsewa sai an jera masa dalma a baki. Duk ƙarshen damina Baba kan je Illo ya samo matattun batiran mota da ake shigowa da su daga Benin, ya fasa su da gatari a tsakar gida, ya narka abin cikinsu a wani tsohon kasko. A murhun tuwo yake aikin, wai ya fi riƙe wuta. Tokar kuwa mata su share ta zuwa gindin mangwaro, inda yara ke wasa.

Ni ne ɗan bokon gidan, malamin firamare, sarkin gyara. Na hana shan ruwan gulbi ba a tafasa ba, na yi faɗa a kan gidan sauro har aka gaji da ni. Dalma kam ban taɓa kawo ta a raina ba.

Da 'yata ta fari ta soma haƙori, kuka ya hana uwarta sakat. Wata rana da hantsi na zaɓi dalma guda mai santsi cikin waɗanda Baba ya zuba, na wanke ta tas da sabulu, na zura mata zare na rataya wa yarinyar a wuya. Ta kai baki, ta ji sanyi a dasashi, ta yi tsit. Inna, mahaifiyata, ta ce, "Kai, boko ya yi rana! Mu da munka haifi tara ba mu san wagga dabara ba." Kaina ya kumbura. Duk wanda ya shigo sai na yi masa bayanin sabulun. Haka ta yi ta tsotsa har bayan yaye.

Ba ta yi tsawo ba, sai jiki. Dangi na tsokana, wai ɗiyar malam ta fi kowa cin daɗi, ni kuma ina washe baki. Sa'anninta suka miƙe suka bar ta. Da ta shiga ajina, harafin da na koya mata yau gobe babu shi, ga ciwon ciki, ga saurin fushi. Na ɗauka iskanci ne da son abinci. Na doke ta a gaban yara, ba sau ɗaya ba, kuma har yau in na tuna ina jin kunyar hannuna.

Ciwon cikin ne ya kai mu asibiti a Birnin Kebbi. Bayan gwajin jini likitar ta tambayi sana'ar gidanmu, sannan ta ce ko yarinyar ta taɓa sa dalma a baki. Matata ta juyo ta kalle ni. Likitar ta ce gubar dalma ce a jikinta, za a iya rage wadda ke cikin jini. Tsawo da ƙiba ba za ta rantse dalma ce kaɗai ba, amma abin da ya riga ya taɓa ƙwaƙwalwa da wuya ya koma daidai.

Na dawo na faɗa wa Baba. Ya daɗe yana kallon ragarsa, ya ce, "To da mi za mu nitsad da birgi, malam?" Ya mai da kaskon bayan gida, iyakar abin da aka yi ke nan. Ƙasar gindin mangwaro tana nan, jikoki na birgima a ciki.

Yanzu 'yar tawa shekararta goma sha biyu. Ƙanwarta ta wuce ta a tsawo, ta wuce ta a aji. Dalmar tana cikin gwangwanin allina, na kasa yar da ita. Kwanan baya na aike ta ɗauko mini alli, sai ta dawo da ita a tafin hannu, tana shafa 'yan ramukan da ke jiki da yatsa, tana dariya.

"Baba," ta ce, "wa ya ciji wagga?"